Ƙusa ta Bakwai

Olhão, 11 ga Yuni, 1967

Inna Zulmira,

Takarda nake so ki rubuta wa shugabarmu a wurin aiki, mestra Custódia, ki ce mata kin san ni tun ina cikin tsumma, ni ba ɓarauniya ba ce. Yau nake so ki rubuta, ba gobe ba.

Ki yafe ni, ko gaishe ki ban yi ba. Ina wuni? Ya sanyin Faransa, ya gwiwar nan taki? Mu muna lafiya. Tomé ya fara haƙori, yana ɗan zawo amma yana kama nono. Babansa Amílcar yana can tekun ƙanƙara a jirgin kamun kifi, sai Oktoba in Allah ya kai mu. Dona Ermelinda mai kanti ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Kin san yadda abin yake, ke da kika yi shekara ashirin da shida a kamfanin kifin gwangwanin nan. Jiragen kamun kifin sadin su shigo, jiniyarmu ta yi kuka, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga. Ki cire lambarki ta ƙarfe daga allon waje ki rataye a na ciki, magatakarda ya duba allo, awanninki su fara. Ni da na koma bayan haihuwa sabuwar lamba aka ba ni. Daga bayan layin dogo nake zuwa, da yaro a hannu, sai na kai shi ɗakin reno kafin in shiga. Ina makara, Inna. Wani lokaci awa guda, wani lokaci fiye. Ban ɓoye wa kowa ba.

To jiya Asabar aka raba ambulan ɗin albashi. Tsohuwa Graciete ta zazzage nata a tafin hannu, sai ta hau ihu. Wai sati biyar ke nan ana yanke mata, ita da ke riga kyanwa isa ƙofar kamfani. Kafin in ankara ta fizge nawa ta miƙa wa Benvinda ta karanta. Nawa cike yake, ko minti ba a cire ba.

Ni ina na san karatu? Abin da aka ba ni nake karɓa. Na dai ga ya ɗan yi kauri, na ɗauka ko wani ƙari ne ake yi wa masu jego.

Wata ta ce, "Ka ga mai sa'a, tana barci agogo na yi mata aiki."

Benvinda ta ce, "Ba agogo ba ne, mai duba agogon ne. Miji na kan teku, ai dole a sami mai rataya mata lamba."

Suka kwashe da dariya. Inna, magatakardan nan ko launin idonsa ban sani ba. Graciete ita ba ta yi dariya ba. Kan kifi ta ɗauka ta jefe ni a ƙirji, ta ce, "Da gumina kike shayar da ɗanki!"

Mestra ta zo, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kowa ya koma teburinsa, kifi ba ya jiran faɗa. Da aka tashi ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta bar ni na yi kukana na gama, ta ba ni ruwa, sannan ta ce in faɗa mata tun daga farko. Ta ce mutanen ofis za su so su ji sunan mai laifi, amma za ta ja maganar iya ƙarfinta.

In suka kore ni da sunan sata, babu kamfanin da zai ɗauke ni a garin nan, kuma ɗakin reno da madarar Tomé sun tafi. Ke ƙawarta ce, za ta ji maganarki. Don girman Allah ki rubuta.

'Yarki,
Idalina

*

Champigny, 20 ga Yuni

'Yata Idalina,

Na gaishe ki, na gaida jarumina mai haƙori. Ki ba shi ɓawon burodi ya riƙa gurzawa, ki tafasa masa ruwan shinkafa saboda zawon. Gwiwa tana nan da halinta. Bene huɗu nake gogewa kullum, ita kuwa tana zagina a kowane mataki.

Takardar da kika nema ba zan rubuta ba. Ranar da matan nan suka ji wasiƙa ta zo wa Custódia daga Faransa, ranar za su ce an saye ta, daga nan ko gaskiya ta faɗa a kanki ba mai yarda. Ki bar ta ta yi aikinta. Na san ta, ba ta yanke hukunci da zafin kai.

Kuɗin da ba ki yi wa gumi ba, ba naki ba ne. Ki ware su ki ƙulle a tsumma, ko tostão ɗaya kada ki taɓa.

Yanzu ki buɗe kunne, nan ne maganar take. Na san ba ki yi sata ba. Uwarki ƙanwata ce, 'yar kawuna, ko allura ta tsinta sai ta zaga unguwa neman mai ita, ke kuma jininta ce. Amma Graciete ma na san ta, tebur ɗaya muka tsaya duk shekarun nan. Bakinta wuƙa ne, sai dai ba ta taɓa ƙarya a kan kuɗi ba. Teku ya cinye mata ɗa ɗaya tilo, mijinta yana kwance ba ya tashi, ambulan ɗin nan shi ne numfashinsu. Macen da ta jefe ki da kan kifi tsoro take ji, irin wanda kike ji.

In ta ce an yanke mata, an yanke. In kin ce ba ki yi ba, ba ki yi ba. To akwai abu na uku, shi za a nema. Kafin a same shi kada ki rama zagi. Benvinda kuwa tun tana budurwa bakinta ke riga ta shiga ɗaki, ki bar ta da halinta.

Innarki,
Zulmira

*

Olhão, 2 ga Yuli

Inna,

Ina gaisuwa. Tomé ya sami sauƙi, haƙora biyu sun fito. Ni dai ga ni nan.

Har ke, Inna?

Dona Ermelinda ta buɗe takardarki kanti cike da mutane, kuma kin san muryarta, in tana karatu har bakin teku ana ji. Ta ce kada in sa wannan a takardar nan, na ce sai ta sa. Ta karanta cewa ba za ki rubuta ba. Ta karanta cewa kuɗin ba nawa ba ne. A nan na fizge takardar na cusa a rigata na fita, ban tsaya jin sauran ba, me ya rage in ji? Ƙanwar Benvinda tana tsaye tana sayen sabulu. Kafin rana ta faɗi duk gari ya ɗauka, wai har innarta ta Faransa ta ce ɓarauniya ce.

Kashegari surukata Dona Perpétua ta zo. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce in cire 'yan kunnen zinariyar da ta sa mini ranar aure, za ta adana su har ɗanta ya dawo. Ta ce ta riga ta ba da takarda a kai masa ta jirgin asibitin da ke bin masunta. Na durƙusa mata, na ce Mama ki tambaye ni mana, ki ji ta bakina. Ta ce ta ji ta bakin gari, ya ishe ta.

A wurin aiki in aka tashi cin abinci, inda na zauna sai a matsa. Ina cin burodina a jikin bango ni kaɗai. Asabar uku sun sake wucewa, abin bai canja ba, nawa cike, na Graciete a yanke. Ta daina ihu ma yanzu, sai ta tsaya riƙe da kuɗin kawai. Wannan ya fi mini zagin ciwo. Mestra ta ce ofis sun ba ta zuwa ƙarshen wata. Kullum in ta wuce bayana takan dafa kafaɗata, haka take dafa ta Graciete, ban san wadda take tare da ita ba.

Na ƙulle kuɗin kamar yadda kika ce. Amma ina tunanin in ɗauki ɗana in bi masu tsallaka duwatsu in zo inda kike. In ke ma ba kya so na, ki faɗa mini tun ban taso ba.

Idalina

*

Champigny, 10 ga Yuli

Ermelinda, in ke ce ke karanta wannan, ki kori masu sayen sabulu, ki rufe ƙofa, ki rage wannan muryar taki ta jiniya. Ki kuma karɓi takardata ta farko ki karanta mata har ƙasa.

'Yata,

Na gaishe ki da haƙuri. Na ji daɗin labarin haƙoran. Ni kwana biyu abinci ya ƙi shiga tun da na ga takardarki.

Rabin magana kika ji kika gudu, kamar uwarki, ita ma haka take. Laifina ne, da na fara da abin da ya kamata ki fara ji. Ga shi a sama yanzu: ke ba ɓarauniya ba ce, na sani, zan faɗa a gaban Allah. Ɗakina ɗaya ne, rabinsa naki ne duk ranar da kika zo. Amma kada ki tsallaka dutse da jariri saboda bakin Benvinda. In kika gudu kin sa hannu a kan abin da suka faɗa.

Custódia tana dafa ku ku biyu ne don ku biyun nata ne. Wannan shi ne aikinta.

Ga abin da nake so ki yi. Rana ɗaya tak ki riga kowa zuwa ƙofa. Kada ki taɓa lambarki. Ki tsaya gefe kamar kina gyara wa yaro riga, ki kalli allon nan. Hannuwa za ki kalla, ba fuskoki ba. Ina da wani zato, amma ba zan sa shi a takardar da za a buɗe a kanti ba, in na yi kuskure na ɗauki alhaki.

Abin da duk kika gani, ki haɗiye shi a wurin. Kada ki yi ihu a ƙofar kamfani. Maganar da za ta kunyata mutum gida ake kai masa ita, a rufe ƙofa.

'Yan kunne kuwa, ƙarfe ne, suna dawowa.

Innarki,
Zulmira

*

Champigny, 14 ga Agusta

Idalina,

Ina gaisuwa, ya jikin yaro? Sati biyar ban ji ɗuriyarki ba. Ƙarshen watan da ofis suka ba da ya wuce tuni. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a ƙofa, har ya fara canja hanya in ya hango ni. An kore ki ne? Kin taso ne? Duk wanda ya iso daga kudu sai na tambaye shi ko ya ga wata yarinya da goyo a hanya. In fushi kike da ni, ki yi fushinki, amma ki sa a rubuta mini layi ɗaya in san kina da rai.

Zulmira

*

Olhão, 27 ga Agusta

Inna Zulmira,

Ina wuni, ya gwiwa? Ki yafe mini shirun nan. Ina da rai, ba a kore ni ba. Tomé yana rarrafe, jiya na tsamo shi daga cikin kwandon gawayi. Ba fushi nake ba. Maganar ce ba ta kanti ba, sai da na jira Sista Amélia ta ɗakin reno ta dawo daga tafiya. Ita ce ke rubuta wannan.

Na yi yadda kika ce. Tunda ba a san sa'ar da jiniya za ta yi kuka ba, kwana uku ina zama a kan dakalin da ke kallon ƙofa, da yaro a cinya. Rana ta uku ta yi kuka.

Graciete ce ta fara isowa. Tana tafe hannunta na bin bango, ban taɓa lura da haka ba. Ta zo gaban allo, ta ɗora yatsa a kan ƙusar farko, tana bi leɓenta na motsi. Ɗaya, biyu, uku. Da ta kai ta bakwai ta cire lambar ta shige ciki. Ko kallonta ba ta yi ba. Tawa ce, Inna. Ƙusa ta bakwai aka nuna mini ranar da na dawo.

Ashe shekara da shekaru tata ce ta bakwai. Da aka ɗauki sababbin ma'aikata sai aka ƙara ƙusa ɗaya a farkon layin, kowa ya matsa, tata ta koma ta takwas. Kowa ya ga haka da idonsa, ban da ita. Ni kuma in na iso a guje, lamba ɗaya nake tararwa a wajen, sai in ɗauka in rataye. Lambobi a wurina duk kamar ƙugiyar kifi suke. Ita ba ta gani, ni ban iya karatu ba, muka yi wata biyu muna cin naman juna.

Bakina ya buɗe, Inna. Ga Benvinda nan tafe da mata kusan goma. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina. Sai na tuna maganarki. Na haɗiye.

Ranar Lahadi bayan coci na ɗauki ƙullin na je gidanta. Rana tsaka, ina tsaye a gabanta, ta ce, "Wace ce?"

Na ce, "Ni ce, ɓarauniyar."

Ta ce, "Me kuma kika zo ɗauka? Tukunya ɗaya ta rage."

Na rufe ƙofa. Na sa mata ƙullin a hannu, na ce, "Inna Graciete, ƙusarki ta zama ta takwas."

 Sannan ta laluba kujera ta zauna. Ta ce, "Wa kika gaya wa?" Na ce ba kowa. Ta ce tun bara hazo ya fara rufe mata ido, yanzu inuwa kawai take gani. Ta ce saura wata goma sha ɗaya ta cika shekarun fansho, in ofis suka ji, ranar za su sallame ta. Ta nuna gado ta ce, "Wa zai ciyar da wancan gungumen?"

Mijinta, tsoho Isidoro, daga kwance ya ce, "Gungume dai yana jin ki."

Ta ce in ba ta yaron. Ta shafa fuskarsa da yatsu, kunne, hanci, har ya cije ta da sababbin haƙoransa. Ta ce, "Na jefe ki da kan kifi." Na ce, "Kuma ba ki kuskure ba." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka zauna muna yi mu biyu, tsohon yana ce mana mu rage, rufin gidan dama yana yoyo.

Mu biyu muka je wurin mestra, don ofis na jiran suna. Ta saurare mu hannuwanta cikin aljihun riga, ba ta katse mu ba. Da muka gama ta ce, "Ni na sa aka buga ƙusar nan. To kuskuren nawa ne." Ta je ofis ta ce ita ta cakuɗa lambobi. Suka ci ta tarar albashin sati guda. Ta sa aka mayar da Graciete kan ta bakwai, ni aka kai ni wani layi, ta ɗaura mini jan zare a lambata. Ta ɗauke Graciete daga aikin wuƙa ta kai ta jera kifi a gwangwani, wanda hannu ke yi ba ido ba, ta tsayar da ni kusa da ita. In ta jera ba daidai ba sai in taɓa ta da gwiwar hannu.

Rannan da aka tashi cin abinci Graciete ta zo jikin bangona ta zauna, ta raba burodinta biyu, ta ce da ƙarfi, "Na zalunci yarinyar nan." Amma ba ta iya faɗin dalili ba, ni ma ban iya ba. Wasu sun yarda. Benvinda ta ce mestra ce ta rufa wa 'yar ƙawarta asiri.

Takardar Amílcar ta zo ranar Laraba. Layi uku. Ya tambayi lafiyar yaro, ya ce a gaida mamansa, ya ce in ya dawo za mu zauna. Na sa Sista ta duba sama da ƙasa da baya. Babu sunana a ciki, Inna.

Graciete ta ce in gaya masa, ta yafe. Amma kin san shi, ba mugu ba ne, sai dai in ya sha kofi biyu na giya har abin da ke ƙarƙashin teku sai ya faɗa, kuma jirgi ɗaya suke da mijin Benvinda. Shi zai dawo Oktoba, ita sai Yuni za ta cika. Wata takwas ne tsakani. Ban san ko aurena zai iya jiran wata takwas ba. Ina jin tsoro. In na tuna fuskarsa sai in ce zan faɗa, in na ga hannun tsohuwar nan yana bin bango sai in ce a'a. Yau dai a'a ce.

Kada ki rubuta masa, kada ki rubuta wa surukata. Amsarki ki aiko ta hannun Sista.

Waɗanda na gaya wa ga su: mestra, da Sista Amélia, da ke yanzu. Sai Tomé. Shi na gaya masa duka, tun daga ƙusar farko har ta bakwai, a kunne, yana shan nono. Don dai a ce a gidan nan akwai namiji ɗaya da ya san uwarsa ba ta yi ba.

'Yarki,
Idalina